Faifan da Oga Hajro Ya Tsallake

A garinmu idan ka nemi Hajrudin ba wanda zai gane wa kake nufi. Ka ce Oga Hajro, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidansa da ƙaho. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ba alƙalin da zai saurari ƙararsa. Shi ne mutumin da ya kusa barin ƙafafunsa biyu a gindin itacen tuffa, saboda wani ɗan akwatin roba da bai kai girman sabulu ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kaɗa injin majigi a gidan siliman gari kafin yaƙi. A zamanin nan cikin gwangwanaye fim yake zuwa, faifai shida ko bakwai, bas ta Talata ta kawo, ta Litinin ta mayar. Hajro yana can sama a ɗan ɗakinsa mai zafi kamar tanda, yana leƙen allo ta wata 'yar taga, faifai ya kusa ƙarewa ya tada na biye. Idan sauti ya ɗauke sai zauren duka ya ɗauki ihu: "Oga, murya!" Daga nan sunan ya manne masa, har liman da shi yake kiransa.

Yaƙi ya zo ya wuce, gidan silima ya koma shagon tayoyi. Hajro ya fito da ciwon gwiwar hagu, yana cewa harsashi ne, mu kuwa mun san tukunyar wake ce ta faɗo masa, don a kicin ɗin sojoji ya yi nasa yaƙin. Tuddan da ke kewaye da mu su ma an bar musu nasu rabon, nakiyoyi binne a ƙasa, har yau ba a gama tone su ba. Shi ya sa ɗan garinmu tun bai iya ɗaura takalmi ba ake koya masa abu biyu: ba a taka ciyawar da ba a yanka ba, ba a ƙetare jan allon nan mai hoton ƙoƙon kai. Hajro ya fi kowa wannan wa'azin. Ya yi gadi a injin katako har ya yi ritaya, ya dawo gida yana damun matarsa Fikreta da labarin finafinan da suka kalla tare.

'Yarsu da ke aure a Ostiriya ce ta ga uban zai haukata uwar, ta aiko masa da waya, ta koya masa farautar akwati. Wasan manya ne marasa aikin yi. Mutum ya ɓoye ɗan akwati a kogon itace ko ƙarƙashin dutse, ya sa ɗan littafi da fensir a ciki, ya rubuta lambobin wurin a intanet. Kai kuma ka zuba lambobin a wayarka, kibiya ta fito tana nuna maka hanya har ka je kansa, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka same shi. Ba nama, ba miya. Ladan duka shi ne sunanka ya zama na farko a littafin. A kan wannan ladan Hajro ya taɓa zura hannu a ramin bushiya, ya yi sati yana cin abinci da hagu.

Sai ga Malama Jasminka, tsohuwar malamar lissafi, ta fito da nata salon. Akwati goma sha biyu ta ɓoye a kewayen gari, kowanne da sunan wani fim da aka taɓa haskawa a silimarmu. Kuma ba ta ba da lambobi a cike. Sai ta bar gurbi ɗaya, ta yi tambaya: dawaki nawa suka ja keken amarya, sau nawa ɗan sanda ya cire hularsa. Amsar ita ce lambar da za ka cike gurbin da ita. 'Yan birni sukan zauna gaban kwamfuta suna tsayar da fim suna ƙirga. Hajro kuwa sai ya yi tsaki.

"Ni in kalli fim a kwamfuta? Fim ɗin da na ɗora da hannuna sau arba'in?"

Kuma gaskiya ɗaya ce, akwati goma sha ɗaya sunansa ne a sama. Tafiyarsa ma ta canja, har gwiwar ta manta tana ciwo.

Na sha biyu ya fito ranar wata Asabar ta watan Satumba da safe. Fim ɗin yaƙi ne, wanda aka jefa yarinyar nan mai kitso a rijiya. Tambaya: gadoji nawa aka fasa daga farko zuwa ƙarshe?

"Huɗu," in ji Hajro, ko kofin gahawarsa bai ajiye ba. Akwai wani abu game da wannan fim da shekara arba'in ta binne masa, bai tsaya tonowa ba.

Lokacin gashin tattasai ne na ajiyar hunturu, kowane gida hayaƙi ke tashi. Ya ce wa Fikreta zai je kasuwa ya sayo buhu.

"Mai kauri fa," ta ce, "ba irin na bara da ka kwaso min kamar kunnen jaki ba."

Ya hau keke ya bi hanyar rafi. Kibiya ta ce ya bar kwalta, ya jingine keken a jikin itace, ya bi bakin ruwa a ƙafa. Ambaliyar bana ta cinye gaɓar nan, ta tafi da duk jan allon da aka kafa a wurin, amma ina Hajro ya ga ta kallon gaɓa? Idonsa na kan waya. Saura taku tamanin. Saura sittin. Ya soma hawan gangare, ciyawa ta kamo masa gwiwa, yana ture ta yana murmushi, yana tunanin abin da zai rubuta wa 'yan birni a littafin. Da ya rage taku goma sha biyu ya ɗaga kai ya ga inda Malama ta yi ɓoyon.

Itacen tuffa ne a gabansa, ya yi 'ya'ya har rassan sun sunkuya, jajaye, kowace kamar dunƙulen hannu. Abin da ya fara zuwa ransa murna ce. Wane sakarai ne ya bar wannan arziki? A garinmu tuffa ba ta kai tsakiyar Satumba a kan itace. Mata sun dafe ta maɗi, wadda ta faɗi ƙasa an kwashe wa shanu, ko itacen maƙabarta ba ya tsira. Ya miƙa hannu wajen wani reshe da ya kawo kusa.

Hannun ya tsaya a iska.

Ba a garinmu ake barin tuffa ba. Ya dubi gindin itacen, na bana a kan na bara, na bara a kan na bariya, sun ruɓe sun yi tudu, babu sawun mutum, babu kashin saniya, babu ko hanyar tunkiya. Ya ɗaga ido a hankali zuwa sama inda kwalta ta ratsa tudun, kamar taku talatin daga inda yake. Ga wani allon ƙarfe a kan turke, fari fat, ba fenti ba rubutu. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane. Bayan allon ne. Duk rayuwarsa fuskar allon yake gani, ja mai ƙoƙon kai. Bayansa mutum ɗaya ne ke gani, wanda ya riga ya shigo.

Bai juya jiki ba, wuya kawai ya karkata ya dubi inda ya fito, ko zai ga sawunsa ya bi. Ciyawa ta riga ta miƙe ta rufe, kamar ba a taɓa haihuwar wanda ya bi ta nan ba. Kuma dubi yadda tsayuwar ta kama shi: ƙafar dama a baya, ta hagu mai ciwon a gaba, a sama, duk nauyinsa a kanta.

Ya daɗe yana auna wanne ya fi, nakiya ko Fikreta. Daga baya ya danna lambarta, da yatsan da bai yarda nasa ne ba.

"Ka samo mai kaurin?"

"Fikreta, ki yafe min duk abin da na yi miki."

"Ka ɓatar da keken ke nan."

"Ina tsohuwar gonar tuffa, ta saman rafi. Ta ciki. Ina ganin bayan allo."

Yana jin tattasai na ƙara a kan garwashi ta cikin wayar.

"Kana tsaye?"

"Ina tsaye."

"To ci gaba da tsayuwa. Ko ƙuda ya sauka a hancinka kada ka kore shi. Karanto min lambobin da ke kan shegiyar wayar nan, a hankali, ɗaya bayan ɗaya."

Ya karanta mata. Ta kashe.

Mintin arba'in ɗin da ya yi shi kaɗai a wurin, ya ce sun fi shekarun yaƙi tsawo. Iska ta ɗan kaɗa, tuffa ɗaya ta saki reshe ta faɗo, tim! Hajro ya rufe ido ya yi kalmar shahada, yana jiran ƙarar. Ba komai. Tuffar ta gangaro cikin ciyawa, yana jin motsinta, ta wuce ta gefen takalminsa ta tsaya. Kafin ya sauke numfashi wata ta faɗo. Itacen nan yana ɗauke da ɗari biyar, kowace kuma a wurinsa dutse ce da za ta iya faɗa wa abin da ke kwance a ƙasa. Rina da ke shan ruɓaɓɓun suka gano gumin wuyansa, ɗaya ta sauka tana yawo a cikin kwalar rigarsa kamar mai neman gidan haya. Surori uku ya iya, ya karance su ya sake, har suka cakuɗe masa. Ya yi wa Allah alkawarin Juma'a, ya ƙara da asuba, ya ce sigari ma ya bari.

Fikreta ce ta fara isowa, da zanen girki a gabanta, maƙoci ya kawo ta a tarakta. Bayanta rabin gari. Sai 'yan sanda, suka kora mutane can baya wajen kwanar hanya, inda sai an ɗaga murya ake ji. Sai farar motar masu tonon nakiya. Wani ƙato mai furfura ya fito yana ɗaura rigar ƙarfe, ya tsaya a bakin kwalta ya kare ido da hannu.

"A'a! Oga Hajro, ashe kai ne? Milenko ne, ɗan mai gyaran agogo. Sau uku kana korata daga silima."

"Ka yafe min, ɗan'uwa."

"Sai na iso tukuna. Saurara da kyau. Taku talatin ne tsakaninmu, a gwiwa zan zo, taƙi-taƙi. Kada ka zauna. Kada ka gyara tsayuwa. Inda ƙafa take, nan ne gidanta."

"Awa nawa?"

"Huɗu, in ƙasa ta yi mana kirki."

"Gwiwata ba ta awa ɗaya, Milenko."

"Yau za ta yi."

Ya sauke gilashin fuska ya durƙusa. Hajro ya ga masu tonon nakiya a fim sun fi ɗari, duk da gudu suke yi da kiɗa a bayansu. Wannan kuwa sai ya zura wani siririn sanda cikin ciyawa ya ɗaga a hankali ko akwai waya, ya ɗauko almakashi ya yanke ciyawar kamar wanzami, ya wuce da faranti mai jin ƙarfe, ya soka tsinke a karkace, ya soka, ya soka, sannan ya matsa da katakon alama gaba taƙi ɗaya. Idan farantin ya yi kuka sai duniya ta tsaya. Ya tona da yatsu, ya fito da ƙusa. Ya sake kuka, murfin gwangwani. Ya sake, cokali. A kan kowace ƙusa sai da Hajro ya mutu ya dawo.

Rana ta take. Awa biyu, ba a kai rabi ba. Gwiwar ta soma rawa da kanta, wandon na kaɗawa kamar tuta, har daga kwalta ana gani. Milenko ya juya ya ce wa Fikreta, wadda aka bari ta laɓe a bayan motar, "Uwar ɗaki, sa shi magana. In ya yi shiru hankalinsa kan gwiwar zai koma."

"Shekara arba'in ina roƙon mutumin nan ya yi shiru," in ji ta. Ta ɗaga murya. "Hajro! Ba mu labarin fim ɗin da ya kawo ka nan. Daga farko."

Ya soma, muryar kamar ta sauro. Daga can kwana wani tsoho ya ƙwala ihu: "Oga, murya!" Mutane suka ɗauka, har da 'yan sanda. Hajro bai san sanda ya buɗe maƙogwaro ba. Faifai na ɗaya, jirgin ƙasa ya shigo, gada ta farko ta tashi. Na biyu, gada biyu a jere. Na uku, maci amana ya kama yarinyar mai kitso ya jefa ta a rijiya ya rufe da dutse.

"Daga nan sai ga ta a kan farin doki, da bindiga a kafaɗa..."

"Tsaya, Oga," in ji Milenko, bai ɗaga kai daga tsinkensa ba. "Tun ina ɗan shekara sha huɗu abin nan ke damuna. Ta yaya ta fito daga rijiyar?"

Tambayar garinmu ke nan. An yi dambe a kanta a gidan gahawa, akwai 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa gaisawa, ɗaya na cewa mala'ika ne, ɗaya na cewa hikimar masu fim ce da jahili ba zai gane ba. Hajro ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, cewa abin sai mai ilimi. Sai abin da aka binne ya taso masa gaba ɗaya. Mutumin da ke tsaye a kan kabarinsa ba ya ƙarya.

"Akwai faifai na huɗu," ya ce.

"Oga, murya!"

"Na ce akwai faifai na huɗu! Ban taɓa ɗora shi ba!"

Abin da ya faru ke nan. Fim ɗin dogo ne, ƙarfe huɗu ake farawa, baban Fikreta kuma da kiran magariba yake kulle ƙofa. Ranar farko da ta zo kallo, Hajro ya lissafa ya ga in ya haska duka ba zai samu rakiya ba. Sai ya tsallake daga na uku zuwa na biyar, ya samu minti ashirin, ya raka ta ta doguwar hanya. Ba wanda ya yi ƙorafi. Washegari ya sake. Duk sanda fim ɗin ya dawo gari, in ya ɗora na huɗun asirinsa zai tonu, sai ya bar shi a gwangwaninsa. Sau arba'in. Shi kansa bai taɓa ganin abin da ke ciki ba, har ya manta da akwai shi.

Wata murya ta tsage daga cikin taro, Malama Jasminka ce, tana kuka tana dukan ƙirji. "Shida ne, Hajrudin! Gadoji shida ne! Akwatin yana ƙarƙashin bencin tashar bas, ni ina zan kai mutane nan?"

Kwana ta rikice. "Ɓarawo!" "Ashe kai ka raba ni da ƙanena!" "Milenko, bar shi nan ya kwana!" Har dariya ta soma tashi.

Sai Milenko ya ɗaga hannu ɗaya sama.

Shirun da ya biyo, ana jin rina. Ya ajiye tsinken, ya kwanta rub da ciki, yana share ƙasa da ɗan buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Hajro yana hangowa daga taku goma. Wani abu ne kore, zagayayye, bai fi gwangwanin man takalmi ba. Milenko ya kafa jan turke a gefensa, ya karkata hanyarsa ta hagu.

Har zuwa lokacin akwai wani lungu a zuciyar Hajro da ke cewa wataƙila gonar ba komai, wataƙila allon tsoro ne kawai. Jan turken nan ya rufe lungun. Ya dubi ciyawar da ke kewaye da takalmansa, ya tuna taku tamanin ɗin da ya yi cikinta yana murmushi. Ƙafar hagu ya daina jinta sam, sai wata wuta daga gwiwa zuwa ƙugu. Gefen idonsa ya soma duhu, kamar yadda allo ke yi idan fitilar inji za ta mutu.

La'asar ta kawo jiki, saura taku shida.

"Milenko," ya ce, "zan ɗan zauna."

"Kul!"

"Kaɗan kawai. Nan bayana, ai nan na biyo."

"Ba ka san inda ka biyo ba. Oga, dube ni! Oga!"

Amma jikin ya riga ya soma sauka, a hankali, kamar buhun da aka huda.

"Hajro!" Fikreta ta fito daga bayan motar, ɗan sanda ya riƙo ta ta fizge. "Ni na san yadda ta fito daga rijiyar. Na ga faifan nan naka."

Saukar ta tsaya.

"A ina?"

"A birni. A babbar silima, mai kujerun katifa."

"Yaushe kika je birni?"

"Shekarar da kake raka ni ta doguwar hanya."

"Da wa?"

"Da wani."

Jama'a, na rantse da kabarin kakarmu, mutumin nan ya ƙaru da taƙi guda. Ya miƙe kamar soja a fareti.

"Wane wanin?"

"Duk takun da Milenko ya ci, zan gaya maka abu ɗaya. In ka zauna, da sirrin za a binne ni."

Milenko ya ci taku. "Yana da gashin baki," in ji ta.

"Gashin baki! Ni ba ni da shi ne?"

"Naka a lokacin kamar an shafa toka."

Wani taku. Yana da babur. Wani taku. Ya saya mata gyaɗa mai sukari, ba irin gasasshen iri da wasu ke kawowa a aljihu ba. Hajro ya manta da gwiwa, ya manta da rina, yana jero sunayen duk mai babur a gundumar tun daga ma'aikacin gidan waya har likitan shanu, yana tsine musu ɗaya bayan ɗaya, matattu da rayayyu. Daga inda yake ba ya ganin hannuwanta. Mu da ke kwana mun gani, ta murɗe zanen girkin nan har ya yage biyu.

Yana cikin tsine wa wani direban ma'aikatar daji ya ji an taɓa masa takalmi.

"Sannu, Oga. Kada ka motsa tukuna."

Milenko ya yanke ciyawar da ke kewaye da ƙafar hagu, ya soka, ya zagaya ta dama. A bayan dugadugin dama ya daɗe. Hajro na jin numfashinsa, yana jin ɗan buroshin, sannan ƙarar turke na shiga ƙasa.

"Mene ne?"

"Cokali ne. Dafa kafaɗata. Juyo ta hagu, ta hagu na ce. Inda na ɗaga ƙafa, nan za ka sa taka."

Taku talatin tsakanin igiyoyi biyu da Milenko ya shimfiɗa, hanyar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba. Ƙafar hagu jan ta yake kamar ta aro. Suka wuce jan turke na farko, Hajro ya kau da kai. Da tafinsa ya taɓa kwalta sai ya zube, ya kifa fuska a kanta yana shafa ta da hannu biyu.

Milenko ya cire gilashi, gumi na zuba daga haɓarsa. Ya nuna can gindin itacen. Jan turke na biyu na tsaye daidai bayan inda ciyawa ta kwanta da siffar takalma.

"Kamu ɗaya daga dugaduginka," ya ce. "Daidai inda za ka ajiye mazaunai."

Hajro ya kalli turken, ya daɗe. Ya yi amai a gefen hanya. Fikreta ta durƙusa ta rungume kansa tana kuka tana dukan bayansa da yagaggen zanen. Da ya samu numfashi ya ɗago.

"Waye mai babur ɗin?"

"Ina tattasaina?" in ji ta.

Har yau ba ta faɗa ba. Innata ta ce ita dai ta san Fikreta ta je birni sau ɗaya a shekarar, kuma da gwaggonta Hatija ta je. Gashin baki kam marigayiyar tana da shi, kowa shaida ne. Babur ɗin ne ban sani ba.

Akwatin kuwa, wasu mata da miji 'yan birni ne suka sauka daga bas da azahar, suka tarar ba kowa a tasha don duk gari na kan tudu, suka laluba ƙarƙashin benci suka rubuta sunansu a sama. Da Hajro ya tashi daga jinyar gwiwa ya dogara sanda ya je, na tara ya samu. Malama Jasminka ta kawo kwamfutarta gidansu, aka cika falo har taga, Milenko a kujerar gaba, aka haska faifai na huɗu. Ashe wani makahon alfadari ne ya ja igiyar guga. 'Yan'uwan nan biyu suka dubi juna, kowa ya ce ai abin da yake nufi ke nan.

An tambayi Oga ra'ayinsa, ya ce gadoji biyun ba su da wani kyau, da ma bai cuci kowa ba. Sallar Juma'a yana zuwa, asuba ana fama, sigari ya koma tun a sati na biyu. Tuffa ce dai ba ya ci. In kana so ka ga tsoho ya daskare da kofi a hannu, ka bari yana zaune a gidan gahawa, ka zo ta bayansa ka saki guda ɗaya a kan dakali.